Gaba ko Baya? Yadda Kalma Ɗaya Ta Ci Mini Kuɗin Mota da Mako Biyu

Lokacin kakar da ta wuce na je gida Ruwan Bago in taya Baba karyar masara. Kwana huɗu na yi niyyar yi, domin ranar Laraba da ƙarfe 10 na safe ina da alƙawari da malamin da yake duba furojek ɗina. Babi na uku zai karanta ya sa hannu, kuma duk ɗan ND II ya sani, in ba a sa wa babi na uku hannu ba, maganar fita tattara bayanai ma ba ta taso ba. Ranar Lahadi da daddare na fita ƙofar gida inda sabis yake ɗan kamawa, sai ga saƙon Malam ya shigo: “Our Wednesday meeting has been brought forward by a day. Same time.”

Na karanta sau biyu, har da murmushi. Ai “forward” gaba ce, wannan tun firamare muka sani. An ɗaga gaba da kwana ɗaya, Alhamis ke nan, ga ƙarin wuni guda a gona. Na rubuta masa “Noted sir, thank you sir”, na kashe data na shiga na kwanta.

Alhamis da sassafe ɗan acaɓa ya fitar da ni titi, na hau mota ta Karaye, tara da rabi ta yi mini a makaranta da takarduna a jaka. Ofis a kulle. Masinjan sashenmu ya dube ni ya ce, “Kai ne ɗan Rogon nan? Ai Malam ya jira ka ranar Talata har sha ɗaya da rabi. Jiya da safe ya yi tafiya, sai bayan mako biyu.” Abokaina biyu da muke ƙarƙashinsa tare an sa musu hannu tun ranar Talata. Ni kuwa ga ni tsaye da kuɗin motar da Inna ta haɗa mini, ga mako biyu sun tafi a banza, ga ranar kare furojek tana ta matsowa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ni ba na cikin masu faɗuwa Turanci. GNS 101 da 102 duk na wuce su lafiya lau. Mun haddace ƙananan kalmomin nan da ake kira “prepositions”, su “at” da “on” da “in” da “by”, mun cike gurbi a takardar jarrabawa, mun karɓi makinmu. Amma cike gurbi daban, fahimtar saƙon da zai ta da kai daga ƙauye da asuba daban. Tun daga ranar na zauna na bi wannan magana ta sauya lokacin alƙawari sawu da ƙafa, kuma abin da na tsinta shi nake so in raba da ku, musamman mu da muke dab da fita, za mu fara musayar saƙo da ofisoshi da masu ɗaukar aiki waɗanda ba za su yi mana uzurin da malamanmu suke yi mana ba.

Bari in fara da wadda ta kayar da ni. A Turanci “bring forward” tana nufin a matso da abu kusa, a yi shi kafin ranar da aka sa tun farko. “Put back” da “push back” kuwa ɗagewa suke nufi, a ƙara lokaci. To mu a Hausa, in aka ce an dawo da biki baya, kowa ya san an matso da shi ne, sai a hanzarta ɗinki. In aka ce an ɗaga shi gaba, hankalin kowa ya kwanta, akwai sauran lokaci. Ka ga ke nan gabanmu ita ce bayansu, bayanmu kuma gabansu. Duk wanda ya fassara kalma da kalma a cikin kansa, kamar yadda na yi, zai sauka a ranar da ba ita ba, kuma da cikakkiyar natsuwa zai sauka, don bai san ya yi kuskure ba balle ya tambaya.

Yadda na samu abin ya zauna mini a kai shi ne da na tuna layin rajista a farkon zango. Wanda aka ce ya matso gaba a layi, shi za a fara sallama. Wanda aka tura baya kuwa sai ya ƙara jira. Haka mai cewa “bring forward” yake kallon ranaku: suna jere a layi suna tahowa wajenka, ta gaba ita ce za ta fara isowa. Saboda haka in aka jawo alƙawarinka gaban layi, zai riske ka da wuri. Mu kuma idan muka ce “nan gaba”, mu ne matafiyan, ranakun suna tsaye a kan hanya, wadda take gaba ita ce mai nisa.

Da na ƙara tunani sai na ga ashe Hausar ma tana da duka biyun, ba mu lura ba ne kawai. Muna cewa “gabanin sallah”, ma'ana kafin sallah, alhali “nan gaba” abin da bai zo ba ne. Muna cewa “bayan la'asar”, ma'ana sai la'asar ta wuce, alhali “a baya” abin da ya riga ya faru ne. Kalma ɗaya, fuska biyu, kuma ba mu taɓa rikicewa ba, saboda da ita muka tashi. Su ma haka suke da tasu. Sai dai har su ɗin akwai inda take rikita su. “Bring forward” ba ta da ja, matsowa ce. Amma “move forward” ko a tsakanin Turawa gardama ce. Masu binciken harshe da tunani sun daɗe suna gwada mutane da jimla guda, wadda ke cewa an yi “moved forward two days” da taron ranar Laraba mai zuwa, sai a tambaye su yaushe ne taron. McGlone da Harding sun yi wannan gwaji a 1998, Lera Boroditsky da Michael Ramscar suka faɗaɗa shi a 2002. Mutanen da Turanci ne harshen uwarsu suka rabu, wasu suka ce Litinin, wasu suka ce Juma'a. Abin dariyar ma, da aka tambayi mutane a filin jirgin sama, waɗanda suka sauko daga jirgi yanzu-yanzu sun fi karkata ga Juma'a a kan waɗanda suke tsaye suna jiran baƙi, wato wanda jikinsa ya sha tafiya shi ne yake jin kansa a matsayin mai tafiya cikin lokaci. Da na karanta wannan na ɗan ji sanyi. Ni ma ai matafiyi ne a ranar.

Amurkawa suna cewa “move up” in suna nufin matsowa. 'Yan Indiya kuwa sun gaji da wannan rigima, suka ƙera kishiyar “postpone” suka ce “prepone”, kuma wallahi ni na ga hikimarsu, sai dai in ka rubuta ta a nan ba kowa zai gane ba. Mu a Najeriya “shift” muka riƙe. “They have shifted the test.” To an matso ne ko an ɗage? Kalmar ba ta faɗa ba, sai ka bi wakilin aji kana tambaya.

Maganin duk wannan yana cikin kalmomi biyu da kowa ya sani, “from” da “to”, wato daga da zuwa. Ka faɗi inda aka ɗauko alƙawarin, ka faɗi inda aka ajiye shi, shi ke nan babu ruwanka da gaba ko baya. Misalin da duk ɗan Najeriya zai tuna shi ne na zaɓe. A 2015, zamanin Farfesa Attahiru Jega, INEC ta ɗage zaɓen shugaban ƙasa daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris. A Turanci sai a ce “The election was postponed from 14 February to 28 March.” A 2019 kuma, cikin daren da za a wayi gari a yi zaɓe, aka ɗage shi daga 16 ga Fabrairu zuwa 23 ga wata: “from 16 February to 23 February”. Mutane da yawa sun riga sun yi tafiya garuruwansu don jefa ƙuri'a, sun sha haushi, amma babu wanda ya rikice a kan sabuwar ranar, domin an kira sunanta.

In kana so ka faɗi tsawon ɗagewar, a nan ne “by” take shigowa. Na 2015 “postponed by six weeks”, na 2019 “postponed by one week”. Wannan “by” ɗin daidai take da “da” ɗinmu a cikin “an ɗage da mako shida”. Tana auna tazara ne kawai. A saƙon Malam ma aikin da ta yi ke nan, “by a day”, kuma ita ba ta yaudare ni ba. Kwana ɗayan na gane shi sarai, ɓangaren da zan ƙirga shi ne na ɓata.

Amma “by” tana da wata fuska, kuma a nan ne nake ganin mu 'yan Najeriya muka fi samun matsala da baƙi. In ta zo gaban tsawon lokaci, kamar kwana biyu ko awa uku, tazara ce. In ta zo gaban tsayayyen lokaci, kamar Juma'a ko ƙarfe huɗu, to wa'adi ce. “Submit it by Friday” na nufin kada ya wuce Juma'a. Ka kawo Talata, ka kawo Alhamis, ka kawo Juma'ar kanta, duk daidai ne, amma Asabar ka makara. Mu kuwa mun mayar da ita “at”. Duba katin biki ko allon sanarwa na kowane sashe a makarantar nan, za ka ga “The meeting will hold by 4 p.m.” Mai rubutun yana nufin ƙarfe huɗu za a fara, mai karantawa kuma ya fassara ta da wajajen huɗu, ya taho huɗu da rabi yana ganin ya yi sammako. A tsakaninmu babu laifi, mun fahimci juna. Turancin Najeriya Turanci ne mai zaman kansa, har littattafai aka rubuta a kansa, irin Nigerian English Usage na David Jowitt da ya fito a 1991. Ni ba na cikin masu raina shi. Sai dai ranar da wani kamfani ya rubuto maka “Please be at our office by 9 a.m.”, kada ka karanta ta da idon katin biki. Tara ita ce iyaka, tara saura kwata ya kamata ta same ka a zaune. Haka kuma in kai ne kake roƙon a ɗage, kada ka rubuta “Can we postpone the meeting by Thursday?” Na ga wani abokina ya aika wannan, kuma jimlar ba ta ba da ma'anar da yake so ba. Abin da yake nufi shi ne “to Thursday” ko “until Thursday”.

Tunda na ambaci “until”, ita ce “har zuwa” ko “sai”. “The test has been postponed until Monday”, an ɗage sai Litinin, ranar Litinin za a yi. “Till” ma ita ce, ba ta da wani aibu. Bambancinta da “by” shi ne ita tana magana a kan abin da yake ci gaba har ya kai wani lokaci, “by” kuma a kan abin da za a yi sau ɗaya kafin lokacin ya cika. In lakcara ya ce “I will be in the office until two, so come by one”, yana ofis har ƙarfe biyu, kai kuma kada ka wuce ɗaya. In ka musanya su ka ce “I will submit it until Friday”, ka ce za ka yi ta miƙawa kana miƙawa har Juma'a.

“For” ita ma baki biyu gare ta. Da tsawon lokaci, “postponed for two weeks”, an ɗage na tsawon mako biyu, kusan ɗaya da “by two weeks”. Da sunan rana kuwa, tana nuna ranar da aka tsayar: “The defence is scheduled for Monday.” Shi ya sa kalmar “reschedule” ta fi tafiya da ita, “Can we reschedule for Friday?” Za ka kuma ji “reschedule to Friday”, musamman in an fara da “from”, kuma babu wanda zai ɗaure ka a kai. Abin da na lura shi ne kowane aikatau da abokiyar tafiyarsa: “move” da “to”, “bring forward” da “to”, “postpone” da “put off” da “to” ko “until”, “schedule” da “fix” da “for”. In ka rasa wadda za ka ɗauka, “move it from Wednesday to Friday” ba ta taɓa ba da kunya.

Su “at” da “on” da “in” ba zan daɗe a kansu ba, mun sha su a aji. Agogo “at”, rana ko kwanan wata “on”, wata da shekara da sashen wuni “in”: “at 10 a.m.”, “on Friday”, “on 14 November”, “in November”, “in the morning”. Wurare biyu kawai nake ganin muna tuntuɓe. Na farko, da zarar sunan rana ya shigo, “on” ce take mulki, saboda haka “in the morning” amma “on Friday morning”. Na biyu, kalmomi irin su “next” da “this” da “last” da “tomorrow” ba sa son a sa musu komai a gaba. “See you next Monday” ake cewa, “on next Monday” kuskure ne, duk da kunnenmu ya saba da ita. Sai kuma “in two days” da “within two days”. Ta farko nan da kwana biyu, wato sai sun cika. Ta biyu cikin kwana biyu, ko yau ka kawo an karɓa. Wanda aka ce wa “within” ya zauna jiran kwana biyun su cika, ya kai kansa bakin wa'adi ba dalili.

A wajen ƙirga kwanaki kuwa, gaskiya Hausa ta fi Turanci kayan aiki. Muna da gobe, jibi, gata, citta, kowacce kalma guda. Bature daga “tomorrow” sai ya ja dogon zance, “the day after tomorrow”, daga nan kuma ya ƙare. Wannan giɓin ne 'yan Najeriya suka cike da “next tomorrow”, kuma a watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da ita cikin kalmomin Najeriya 29 da ya karɓa, tare da “Kannywood” da “okada”. To ta shiga ƙamus, amma wannan bai sa ɗan Ingila ko ɗan Kenya ya san ta ba. Da abokinka ka ce “next tomorrow” ka more, a wasiƙar neman aiki ka rubuta sunan ranar. Haka “next Friday” take. In yau Talata ce, wani zai ɗauka Juma'ar nan ce ta gata, wani zai ɗauka ta makon gobe ce. Mu da muke da “Juma'ar nan” da “Juma'a ta sama” mun huta, su har yanzu suna fama.

Akwai wani rami da ban taɓa jin an yi maganarsa a aji ba, kuma namu ne mu Hausawa. A wajenmu dare yana riga rana. In tsohuwa ta ce “daren Juma'a”, daren Alhamis take nufi, wanda za a wayi gari Juma'a. A Turanci “Friday night” sai an wuni Juma'a rana ta faɗi. Ke nan in wani ya ce maka “Let us move the call to Friday night”, ka fassara wa kanka da daren Juma'a irin na gida, za ka zauna riƙe da waya kwana guda kafin lokaci. Mu da kanmu in muna so mu kauce wa ruɗani mukan ce “daren Alhamis wayewar Juma'a”. A Turanci ka sa rana da agogo, “on Friday at 8 p.m.”, magana ta ƙare.

Ga masu cike fom a intanet, ko masu intabiyu ta waya da mutanen waje, ku kula da kwanan wata na lambobi zalla. Mu da Ingila rana muke fara rubutawa sannan wata, Amurka wata take fara sawa. 3/4 a wajenmu 3 ga Afrilu ce, a wajensu 4 ga Maris. Wata guda cur a tsakani. Rubuta sunan watan da haruffa, ba ya cin data. Sha biyun rana kuma ka rubuta “12 noon”, don “12 p.m.” da “12 a.m.” suna rikita har masu digiri. In da mutumin Landan ne, ka tambaya agogon wa ake nufi, domin daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinmu ɗaya da su, sauran watannin kuma muna gabansu da awa ɗaya.

Wasu biyu da suke kama da juna kamar tagwaye su ne “put off” da “call off”. Ta farko ɗagewa, ta biyu sokewa gaba ɗaya. In aka ce “The test has been put off”, ci gaba da karatu, tana nan tafe. In aka ce “called off”, rufe littafinka. Duk wanda ya taɓa zaman gida saboda yajin aikin ASUP ya san wannan bambancin a jikinsa, domin “suspended” dakatarwa ce, ana iya komawa, “called off” kuma janyewa ce. Sai uwa-uba “until further notice”, wadda a Hausa muke da fassararta tun kafin a kawo boko, sai baba ta gani. In ka ga wannan a sanarwa, kada ka ƙirga kwana ko ɗaya, kada kuma ka yi nisa da waya.

To yaya mutum zai rubuta in shi ne yake neman a sauya masa lokaci? Mu dai tarbiyyarmu ba ta yarda ka faɗa wa babba magana kai tsaye ba, sai an yi gaisuwa, an yi kewaye, a ƙarshe a ce “ko za a ɗan duba mini”. Wannan ladabin yana da kyau, kada mu yar da shi. Matsalar ita ce wani lokaci kewayen yana cinye ranar, sai ka karanta saƙo mai layi takwas ka rasa yaushe mutumin zai zo. Ga irin wanda nake aikawa yanzu:

“Good evening, sir. I am sorry I will not be able to keep my appointment with you on Wednesday, 12 November, at 10 a.m. Could we please move it to Friday, 14 November, at the same time? If that is not convenient for you, I can come on any day next week.”

Dubi ƙananan kalmomin da ke ciki. Alƙawari “with” mutum, “on” rana, “at” agogo, a matsar da shi “to” sabuwar rana, ya zama “convenient for” mai ofis. In za ka ba da haƙuri, “apologise for the inconvenience”. In za ka faɗi abin da za ku tattauna, “to discuss chapter three”, babu “about” a tsakani, duk da bakinmu yana ƙaiƙayin sa ta. Sannan na haɗa sunan rana da kwanan wata da gangan. In na yi kuskure a ɗaya, ɗayan zai tona, mai karantawa ya tambaye ni kafin ranar ta zo. Ka ƙara da “in sha Allah” in kana so, ni ma ina sawa, amma bayan ka faɗi ranar.

Da Malam ya dawo daga tafiyarsa na je na same shi, na gaishe shi, na fara kame-kame. Na ce, “Ranka ya daɗe, ai ‘forward’ na gani a saƙon.” Ya cire tabarau ya ce, “To ai ita ce ta zaunar da ni a nan ranar Talata ina jiran ka.” Na yi masa bayanin yadda na fassara ta, ya yi dariya har da buga tebur, ya ce shi ma da zai sake rubutawa da “Tuesday” kawai zai sa. Sannan ya jawo wayarsa ya nemo amsar da na aika masa, ya juyo mini da ita. “Ka ga inda ka yi asara. ‘Noted’ ba ta gaya mini abin da ka gane ba. Da ka rubuto ‘See you on Thursday, sir’, da a daren nan na gyara maka, ko sisi ba ka kashe ba.”

Ya karɓi babin ya karanta, ya ja jan biro a wurare huɗu, ya ce in gyara in dawo. Ina fita saƙonsa ya shigo, wai kada in manta: “Come back next Tuesday.” Ranar Litinin ce. Na tsaya a barandar sashe na rubuta masa, “Thank you, sir. Do you mean tomorrow, or Tuesday next week?” Ya amso da cewa ta makon gobe.